Shin silikon ya kori gas daga aikin bin sawun ƙwayoyin zarra?

Daga zauren ɗaliban kimiyya Hausawa mazauna Saudiyya, bayan sallar isha'i.

Nasiru (Zahran): Jama'a, ina nan kan bakana, zamanin na'urorin gas, waɗanda ƙwaya ke ratsa gas a cikinsu ta bar alama, ya wuce. Ku dubi CMS, ɗaya daga cikin manyan na'urorin gwaji a CERN, cibiyar binciken ƙwayoyin zarra da ke Turai, inda ake sa ƙwayoyi su yi karo da juna. Na'urarta ta bin sawu, wato mai auna hanyar da ƙwaya ta bi bayan karo, silikon ce zalla, kusan murabba'in mita 200, kuma a can tsakiya, kusa da wurin karon, kuskuren awonta kamar mikromita 10 ne, wato kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Silin gashi ma ya fi haka kauri nesa ba kusa ba.

Malama Hadiza (Jidda): Nasiru, ka faɗi zaƙin ka ɓoye ɗacin. Silikon ɗin nan radiyeshan na cin sa kullum. Yana lalata jerin zarrar da ke cikinsa, lantarki ya riƙa yoyo, sai an sanyaya shi ƙasa da ma'aunin ƙanƙara kafin ya yi aiki. Bututun sanyin da wayoyin kuwa kaya ne a kan hanyar ƙwayar, tana bugun su tana karkacewa. Ƙwaya mai ƙaramin ƙarfi ta fi shan wahala. Abin da ya fi damuna ke nan, domin awon da ake taƙama da shi a nan yake raguwa.

Nasiru: Gaskiya ne Malama, amma ai ana sauyawa. CMS ta sabunta sashenta na ciki a 2017.

Yaya Bashir (Madina): To ƙanena, ina ka ajiye ALICE, wata na'urar gwajin a CERN ɗin? Har gobe babban ɗakin gas ne ginshiƙin bin sawunta. Ƙwaya ɗaya takan bar alama fiye da 100 a ciki, kuma daga ƙarfin da take zubarwa a hanya ake gane ko wace iri ce. Silikon mai 'yan hawa kaɗan ba ya ba ka wannan cikin sauƙi.

Nasiru: Yaya, ATLAS fa, ita ma babbar na'urar gwaji a CERN? Za ta cire bututunta na gas gaba ɗaya ta sa silikon, saboda nan gaba karo kusan 200 zai riƙa faruwa lokaci guda, kuma ayarin ƙwayoyin na gamuwa sau miliyan 40 a daƙiƙa. Gas ba shi da wannan hanzarin.

Malama Hadiza: A wurin cunkoso na ba ka gaskiya. Amma cewa ka yi ya wuce ko'ina. Na'urorin gano muwon, ƙwayar nan da ke ratsa sassan ciki ta fito, waɗanda ke ɓangaren waje na CMS ɗin taka, da me suke aiki?

Nasiru: Da gas, Malama. Na janye kalmar "wuce". Batun tsakiya kuwa ban janye ba.