YTHDF guda uku: aiki uku ne ko ɗaya?

Habiba: Ina shirya darasi kan m6A, alamar metil (wani ɗan ƙaramin sinadari) da ake liƙa wa harafin A a jikin RNA, wato saƙon da ƙwayar halitta ke karantawa ta ƙera furotin. Furotin uku na dangin YTHDF suna gane wannan alama su kama ta. Na rubuta cewa YTHDF1 yana hanzarta ƙera furotin, YTHDF2 yana kai RNA a rushe shi, YTHDF3 kuma yana taya su biyun. Malam Sani ya ce in goge. A raba mu.

Sani: Ba gogewa na ce ba, Malama. Cewa na yi kada ki koyar da shi kamar magana ta ƙare. Rabon aikin YTHDF2 da YTHDF1 ya fito ne daga ɗakin binciken Chuan He a Jami'ar Shikago, 2014 da 2015. A 2020 Zaccara da Jaffrey na Weill Cornell suka nuna ukun wurare ɗaya suke kamawa a jikin RNA, aikinsu kuma rushewa ne. In an cire ɗaya, sauran su maye gurbinsa.

Usman: Ni ina bayan Malam Sani. A dubi yadda suke gane alamar mana. Sashen YTH, wato ɓangaren jikinsu da ke kama alamar, yana da ɗan aljihu da sinadarin tiriftofan ya kewaye, metil ɗin ya shige ciki daidai. Harafin A mara metil ba ya zama da kyau. Aljihun nan kusan iri ɗaya ne a ukun. To da me za su bambance RNA?

Habiba: Da ragowar jikinsu, Usman! Aljihu kamawa kawai yake yi. Ɗaya ɓangaren furotin ɗin ne ke kiran abokan aiki, kamar yadda YTHDF2 ke janyo CCR4-NOT, wani rukunin furotin, ya datse wutsiyar RNA, daga nan a rushe shi. Wani furotin, YTHDC1, shi ma yana da aljihun, amma a cibiyar ƙwayar halitta yake, yana sa hannu a yanka da haɗa RNA.

Sani: YTHDC1 daban ne, babu mai musu. Kan ukun nan muke.

Dokta Rabi: Akwai abin da kuka tsallake: yawansu ba ɗaya ba ne a kowace ƙwaya. Macen ɓera da aka cire wa YTHDF2 kaɗai ba ta haihuwa, domin ƙwanta ya dogara da shi. Wannan ba ya nuna aikinsa daban ne. Yana iya zama sauran biyun ba su da yawan da za su ɗauki nauyin a can. Habiba, rushewar tabbas ce. Batun YTHDF1 ne ake jayayya a kai.

Habiba: Na yarda, Dokta. Rushewa zan sa a gaba. Amma sakamakon 2015 zai shiga darasin, tare da na 2020, ɗalibai su ga gwajin da kowane ɓangare ya yi.