Neman kalma: leɓe da ganɗar da ba su haɗe ba tun a ciki

Malamin Halittu: Assalamu alaikum. Muna neman Hausar larurar da ake haifar jariri, ko ɗan ɓera a ɗakin gwaji, leɓensa na sama a buɗe, wani lokaci har rufin baki. An saba cewa "tsagewar leɓe", amma ba ta kwanta mini ba, domin babu abin da ya tsage. Cikin ɓera kwana 19 zuwa 21 ne. Tsakanin kwana na 10 da na 12, tsiron hanci da na muƙamuƙin sama ke haɗuwa su yi leɓe. Rufin baki daga baya yake zuwa: ɓangarori biyu su sauko gefen harshe a kwana na 13, su ɗago bisansa wajen kwana na 14, su manne kafin na 16. In ɗagowar ta makara, kai ya riga ya yi faɗi, ba za su riski juna ba.

Likitar Haƙori: Wa alaikumus salam, Malam. Ina goyon bayanka. "Tsaga" tana kai hankalin mutum ga askar wanzami, iyaye kuma su zaci wani abu ne ya yanki yaron. Ga kuma cutar noma, mai cin naman baki da fuska, wadda ake jinya a asibitin Sakkwato: ita ci take yi bayan haihuwa, bai kamata suna ɗaya ya haɗa su ba. Shawarata "giɓi".

Malamar Hausa: Likita, giɓi dai an fi saninsa da gurbin abin da ya fita, kamar haƙori. Amma tunda muna cewa a cike giɓi ko da ba abin da ya faɗi, na yarda. Sai dai a bar "rufin baki", muna da sunaye tun a darasin furuci: hanƙa bayan haƙoran sama, ganɗa mai tauri, hanɗa mai taushi can baya, sai beli. Ke nan a ce giɓin leɓe, giɓin ganɗa, da giɓin leɓe da ganɗa.

Malamin Halittu: Madalla, Malama. Rabewar nan tana da amfani, don asalinsu ba ɗaya ba ne. A zuriyar ɓerayen A/WySn, wajen kashi 20 cikin 100 na 'ya'yan kan zo da giɓin leɓe, yawanci har ganɗa. Diana Juriloff da Muriel Harris a Kanada sun gano wurare biyu a cikin gadon ɓerayen da ke haddasa hakan. Na farko, clf1, wani guntun gado ne mai tsalle daga wuri zuwa wuri, da ya sauka kusa da ƙwayar gado (wato "gene" a Turance) mai suna Wnt9b, yana rage mata aiki. Na biyu, Clf2, shi ke hukunta ko za a toshe bakin guntun ko a bar shi. Shi ya sa 'yan ciki ɗaya, masu gado iri ɗaya, wani ya zo da giɓi wani lafiya. Giɓin ganɗa kaɗai kuwa wata hanya ce: a 1951 Fraser da Fainstat sun jawo shi a birnin Montiriyal na Kanada da allurar maganin kotizon ga ɓeraye masu ciki.

Ga kalma ta biyu da ta fi damuna. In aka haɗa macen ɓera ta zuriyar A/J da namiji na zuriyar C57BL aka yi mata kotizon, giɓin ya fi yawa nesa ba kusa ba a kan in aka juya, uwa C57BL, uba A/J, alhali gadon 'ya'yan kusan ɗaya ne. Me za mu kira wannan?

Malamar Hausa: Gadon uwa?

Malamin Halittu: A'a, Malama, gadon uwa shi ne abin da ta zuba wa ɗan. Nan kuwa jikinta ne ke aiki a kansa daga waje: yadda take sarrafa magani, da abin da ke isa gare shi ta jini. A 1981 an nuna a ɓerayen CL/Fr cewa rage wa uwa iskar oksijin a lokacin haɗuwar leɓe na ƙara giɓin, ƙara mata kuma na rage shi.

Likitar Haƙori: To a ce "tasirin jikin uwa". "Tasirin mahaifa" ya yi ƙunci, ya bar hanta da jini a waje. "Tasirin uwa" tsurarsa kuma ina tsoronsa, don a gidajenmu da wuya a ji shi ba a fassara shi da laifin uwa ba, matan nan kuwa sun sha zargi ya ishe su.

Malamar Hausa: Na rubuta su: giɓin leɓe, giɓin ganɗa, ƙwayar gado, tasirin jikin uwa. Malam, in hanɗa ce kaɗai ta buɗe fa?

Malamin Halittu: Giɓin hanɗa, kai tsaye. Masu ƙirga giɓin a ɗakin gwaji kuma su lura: leɓen ɓera da ma yana da rabi a tsakiya, giɓin larura a gefe yake, ƙasan ƙofar hanci. Ɗan ɓera mai giɓin ganɗa ba ya iya tsotso, ba a ganin farin nono ta fatar cikinsa, yakan mutu cikin yini guda, uwar kuma ta cinye shi. Don haka ake ciro 'ya'yan a kwana na 18 a duba bakinsu, in ba haka ba ƙirgen zai fito ƙasa da gaskiya.