Ina gida da yara uku, gajiya ta kai ni ga dukan 'yata: ku ba ni shawara

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Na daɗe ina karanta matsalolin wasu, yau tawa na kawo. Don Allah a sakaya sunana.

Shekarata 29, shekara 7 ke nan da aurena, muna haya a Rijiyar Zaki a Kano. Yarana uku: babban shekararsa 5, mai bi masa ta kusa 3, sai na goye ɗan wata 7. Ina da NCE, na koyar a firamare kafin haihuwa ta biyu, daga nan muka yi shawara da maigida na zauna gida. Ba tilasta ni ya yi ba, kuma bai rage mu da komai ba daidai ƙarfinsa.

Kafin kiran assalatu nake tashi in hura gawayi, don tun da gas ya yi tsada sai ta kama muke kunna shi. In dama kunu, in yi wa babban wanka in shirya shi makaranta, in tare 'yan garuwa, sai wanki, shara, wanke-wanke, girkin rana, ga goyo a baya. Maigida yana Kantin Kwari, ƙarfe bakwai da rabi ya fita, sai bayan isha'i. Tsakanin nan babu babban mutum ko ɗaya da nake magana da shi, iyayena kuma suna Gumel. Ranar wani suna wata daga dangin miji ta ce mini, "Ai ke hutunki kike sha, ba kya aikin komai." Murmushi na yi mata, amma har yau maganar tana cin raina.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, makon jiya yarinyar ta kifar da kwanon kunu a kan tabarma, na dake ta dukan da ya fi laifinta. Ta zo ta rungume ƙafata tana kuka tana cewa "Umma yi haƙuri." Na shige banɗaki na yi kukan da ban taɓa yin irinsa ba. Kusan wata biyu ke nan ina jin jiri in na miƙe, gabana yana faɗuwa, ko yaron ya yi barci ni idona biyu. Wayata nake miƙa musu su yi ta kallon katun don kawai in samu shiru.

Wannan butulci ne ga ni'imar Allah? Yaya zan faɗa wa maigida ba tare da ya ɗauka raina ƙoƙarinsa na yi ba? Ko sana'a zan kama in rage tunani?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam 'yata. Share hawayenki, ba butulci ba ne. Tara na haifa, amma a gidan yawa na raine su a cikin birni. In ina daka faccalata ta karɓi goyon, in na yi zazzaɓi uwar mijina ta kwana da yaran. Ku yanzu kowacce an kulle ta ita kaɗai a bayan get, ana so ta yi aikin mata huɗu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Nana Faɗima ma, Allah Ya ƙara mata yarda, niƙa ya yi wa hannunta kanta har ta je neman mai taya ta aiki wurin mahaifinta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya koya musu ita da mijinta Subhanallah 33, Alhamdulillah 33, Allahu Akbar 34 in za su kwanta. Ki riƙe wannan. Ki kuma nemi Islamiyyar matan aure ta Asabar da Lahadi a unguwarku, ki fita ki ga mutane. Yarinyar nan ki ja ta jikinki ki lallashe ta.

Anti Nas: Ƙanwata, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma jirin nan da faɗuwar gaba su suka tsaya mini a rai. Kafin zancen sana'a ki je asibiti a auna jininki. Haihuwa uku cikin shekara biyar ga shayarwa, ƙarancin jini ba abin mamaki ba ne, kuma shi kaɗai yana iya sa mace kasala da saurin fushi. Ki yawaita hanta, wake, alayyahu da zogale, ki daina kora abinci da shayi, don yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin da ke gina jini.

Na biyu, akwai ciwon damuwa na bayan haihuwa. Mutanenmu sun ɗauka da an yi arba'in shi ke nan, alhali yana iya tasowa ko'ina cikin shekarar farko. In ƙunci, yawan kuka da rashin barci sun wuce mako biyu, ciwo ne, ba raunin imani ba ne, kuma yana da magani. Ki faɗa wa likita duk abin da kika rubuta mana nan, kada ki rage komai. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen da ke duba wannan. In kuwa kika taɓa jin zuciyarki na raya miki ki cutar da kanki ko yaron, ranar za ki tafi, kada ki kwana. Ki kuma yi maganar tazarar haihuwa da maigida. Shawarar likitoci ita ce a huta aƙalla shekara biyu kafin wani cikin. Zancen waya kuwa, ɗan ƙasa da shekara biyu ba a so ya kalla sam, 'yar ukun kada ta wuce awa ɗaya a rana.

Mai Jiran Rabo: 'Yar uwa, shekarata 11 da aure ban taɓa ko ɓari ba. Da na karanta sai na ji ina ma kunun nan a tabarmata aka zubar. Ba don in ɗora miki laifi na faɗa ba, gajiyarki gaskiya ce. In kina da irina a maƙwabta, ki miƙa mata yaron ta goya, wallahi daɗi za ta ji.

Maman 'Yan Biyu: Allah Ya ba ki masu albarka Mai Jiran Rabo, kin sa ni hawaye. Ke kuma mai tambaya, abin da ya cece ni karɓa-karɓa ne da maƙwabciyata: Talata bayan azahar yarana suna wurinta, Alhamis nata suna wurina. Awa biyun nan ba na wanki ba na shara, kwanciya nake yi. Kunun safe ma ki sauƙaƙa wa kanki. Ki soya gero da waken suya da gyaɗa daban-daban, a niƙo su tare, ki zuba a roba mai murfi. Damawa kawai za ki riƙa yi, kuma har ɗan wata bakwan zai sha. Gida mai yara uku ba zai yi ƙal-ƙal kullum ba, ki bar wani aikin ya kwana.

Malama daga Zariya: Ni ban goyi bayan ki kama sana'a yanzu ba, musamman irin su awara ko kunun aya. Jiƙo, kai niƙa, tata, suya, wani sabon aikin ne a kan wanda ya riga ya fi ƙarfinki. Ki fara samun lafiya. In yaron ya yi ƙwari, iliminki jari ne: ki tara yaran maƙwabta biyar ko shida kina yi musu lesin bayan la'asar. In karatu kike marmari, Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, tana da cibiya a Kano, akasarin karatun daga gida ake yi.

Game da maigida, kada ki tare shi da maganar yana shigowa da gajiyar kasuwa. Ki bari ranar da yake gida, ya ci ya huta. Ki fara da yaba masa, sannan ki roƙi abu ɗaya tak da zai iya, kada ki zube masa duka lokaci guda. An tambayi Nana A'isha me Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Mazanmu da yawa ba mugunta ba ce, ba su san yadda wunin yake ba ne.

Mai tambaya: Na gode iyayena, Allah Ya saka da alheri. Ranar Lahadi na yi masa maganar kamar yadda Malama ta ce. Ya yi shiru ya daɗe, sai ya ce shi duk zatonsa fushi nake da shi. Jiya ya kai ni asibiti, jinina ya yi ƙasa, an ba ni magani, an kuma ce in koma bayan mako biyu a duba zancen barcin da kukan. Wankan babban da safe shi ya karɓa. Ƙanwata za ta zo daga Gumel in an yi hutu. Mai Jiran Rabo, akwai irinki gida biyu tsakaninmu, kunya ce ta hana ni shiga tun da muka tare. Gobe in sha Allahu zan ɗauki yaron mu je gaishe ta.