Na koma faiba, jar fitila ta hana ni sakat: in yi haƙuri ko in koma inda na fito?

Baban Ummi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar faiba, wato intanet ɗin da ake jawowa gida ta wayar gilashi, ko waɗanda irin wannan ta taɓa samu.

A Kano nake, wajen Tarauni. Ina koyar da yara karatun Alƙur'ani ta bidiyo, su 11, yawancinsu 'ya'yan mutanenmu ne mazauna Ingila, kowane yaro da rabin awarsa. Da wannan nake riƙe gida, ban da ɗan albashin Islamiyyar da nake zuwa da safe. Shekara uku ina aiki da rautar 4G, irin wadda ake sa wa layi. Ba ta cika ba ni matsala ba sai daga magariba zuwa ƙarfe goma, lokacin da duk unguwa ta hau waya. A nan ne yaro zai fara jan maddi, hoton ya daskare, in rasa ko ya cika shi ko bai cika ba. Ga data da ke ƙarewa tun wata bai yi nisa ba, balle da aka ƙara kuɗinta a farkon 2025.

Da wani kamfanin faiba ya shigo layinmu yana raba takardun talla, ban yi wata-wata ba. Na biya Naira 45,000 na jawo waya da akwatin intanet da ake sawa a ɗaki, na biya kuɗin wata guda na megabit 50. Suka ce kwana uku. Sai da na yi kwana 19 ina bin su a waya kafin suka turo samari biyu da tsani.

Ga yadda suka yi aikin, don na san a nan za a gane bakin zaren. Akwatinsu na rabawa yana kan falwaya ta huɗu daga gidana. Suka jawo baƙar waya daga can, ta tsallaka titi, ta bi ta kan kwanon maƙwabcina, ta sauko ta bayan ɗakina. Da aka zo shigar da ita sai suka ce batirin injin huda bangonsu ya mutu, kuma babu wuta a lokacin. Sai suka zura ta ta kusurwar tagar alminiyam, irin mai zugewar nan, suka ce ba komai, in dai riƙa rufewa a hankali. A ciki suka bi bango da ita da 'yan ƙusoshi, suka karya kwana a lungu, ɗayansu ya fere bakin wayar ya sa mata wani koren kai da hannu, ya cusa a akwatin. Aka gwada gudu a wayata, ya nuna 48. Na sa hannu a takarda, na ba su kuɗin ruwa, muka rabu lafiya. A daren nan na ba ƙanina tsohuwar rautar, washegari ya wuce da ita makaranta Zariya.

Kwana huɗu komai lafiya lau. A na biyar, wajen sha biyun rana, wata fitila da aka rubuta LOS a ƙasanta ta fara ƙiftawa ja, intanet ya ɗauke. Tun daga ranar kusan kullum haka: daga sha biyu zuwa la'asar yana zuwa yana tafiya, da dare kuwa garau. Asabar da Lahadi da rana ne nake da ɗalibai shida a jere. Makon jiya mahaifin yara biyu ya ce mu dakata har sai na gyara. Cikin mutunci ya faɗa, kuma da gaskiyarsa, amma abin ya tsaya mini a rai.

Na kira kamfanin sau bakwai. Kullum maganar ɗaya: kashe ka kunna. Sau ɗaya suka turo mutum, da yamma ya zo lokacin fitilar tana kore, ya zare koren kan nan ya goge a rigarsa ya mayar, ya ce ƙura ce.

To shin akwatin ne ya lalace, ko layin unguwar ne gaba ɗaya? Kuma in haƙura da kuɗina in koma 4G, ko akwai hanyar da zan sa su gyara?

Mai Haɗa Waya:

Wa alaikumus salam. Malam, sannu da haƙuri. Wannan aikin nake yi shekara shida, ba a kamfaninku ba, kuma daga bayaninka zan iya cewa akwatinka lafiyarsa ƙalau. Aikin jawo wayar ne ba a yi da kyau ba.

Abin da ke cikin baƙar wayar nan ba tagulla ba ne, gilashi ne siriri kamar silin gashi, haske ne ke bi ta cikinsa. LOS na nufin hasken da ke isowa akwatinka ya ɓace ko ya yi ƙasa da abin da zai iya karantawa. Duk inda aka matse wayar ko aka karya mata kwana, haske na tsiyayewa a wurin. Kai kuma ka lissafa mini wurare uku da bakinka: taga, lungun bango, da kan da aka sa da hannu. Ƙa'idar da muke bi, lanƙwasa kada ta fi zagayen bakin kofin shayi tsanani. Taga mai zugewa kuwa duk rufewa sai ta ɗan cije ta.

Batun rana shi ya ƙara tabbatar mini. Idan haskenka dama yana bakin gaɓa, abu kaɗan ke tura shi. Rana ta gasa kwanon maƙwabcinka da alminiyam ɗin taga, waya ta ɗan miƙe ta ɗan motsa, sai ya faɗa. Da yamma ta huce ya dawo. Shi ya sa wanda aka turo bai ga komai ba. Goge kan faiba a riga kuma ƙara masa datti ne, akwai abin gogewa na musamman.

Ga abin da za ka yi yau. Juya akwatin, za ka ga takarda a manne da adireshin shiga, yawanci 192.168.1.1 ko 192.168.100.1, da sunan shiga da kalmar sirri. Buɗe a wayarka, nemi inda aka nuna ƙarfin haske, za ka ga Rx da lamba mai alamar ɗebewa a gabanta. Lambar na ƙara girma, hasken na ƙara rauni: daga -15 zuwa -24 lafiya ne. Irin waɗannan akwatunan -27 ce kusan iyakarsu. Duba da asuba, ka duba da ƙarfe ɗaya na rana, ka ɗauki hoton duka biyun. In kamfanin ya toshe shafin, to dole wanda zai zo ya zo da mitar auna haske, ya auna a gabanka, a falwaya da kuma a ɗaki. Bambancin da ke tsakanin biyun bai kamata ya wuce 1 zuwa 2 ba a tazarar falwaya huɗu.

Gwajin gudun da aka yi maka ranar farko ba ya nuna wannan ko kaɗan. Faiba ba ta raguwa a hankali kamar 4G. Tana iya ba ka 48 cif a -26, ta ɗauke ɗif a -29. Da yawa daga yaranmu sun san haka, amma ana biyansu ne a kan yawan gidajen da suka haɗa a rana, sai su nuna wa mai gida gudu su wuce. Ba na kare su, abin yana ɓata wa sana'ar suna.

Don Allah kada ka zare kan ka leƙa da ido, kada ka bar yara su yi. Hasken ba a ganinsa, amma yana iya yi wa ido illa.

Maman Sadiq:

Malam, Allah ya kawo mafita. Injiniya ya gama da ɓangaren waya, ni ta ɓangaren takarda zan shigo, don na sha wannan a Kubwa bara da muka canja kamfani.

Daina kira kawai. Duk kiran da ba a ba ka lambar ƙorafi ba, a wurinsu kamar ba a yi shi ba ne. Ka rubuta musu imel ko saƙon WhatsApp a lambar ofishinsu, ka sa ranar da aka haɗa, ranakun da ya ɗauke da awowinsu, hoton jar fitilar, hoton wayar a taga, da rasit. Ka ce a ba ka lambar ƙorafi, kuma a ƙara maka kwanakin da ka yi asara. Ni littafin makarantar ɗana na yaga na riƙa rubuta lokacin ɗaukewa da na dawowa, kwana 12 a jere. Ranar da na tura hoton shafin, muryar mai amsa waya ta canja.

Idan sun yi biris, hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, tana da layin ƙorafi na kyauta, 622. Abin da za su fara tambayarka shi ne ko ka kai wa kamfanin kuka, da lambar da aka ba ka. Shi ya sa lambar nan take da muhimmanci.

Sannan ka aika Zariya a dawo maka da rautar nan, ko ka nemi MiFi, 'yar ƙaramar rautar aljihu mai layi. Ko an gyara maka tsaf, faiba tana yankewa. Mu sau biyu masu haƙa magudanar ruwa suna datse ta unguwarmu, ɗaya kwana uku muka yi. Kuma ka tuna 14 ga Maris na 2024, cikin azumi, da wayoyin ƙarƙashin teku suka samu matsala ta wajen gaɓar Kwaddibuwa, har bankuna sai da suka ji a jikinsu. Wanda abincinsa ke kan intanet ba ya zama da layi ɗaya. Ni sai da sabon ya yi wata guda cur ba tangarɗa kafin na daina biyan tsohon, kuma har yau layin yana cikin durowa da 'yar data a kai.

Ɗan Sabon Gari:

Ni da ni ne da na huta da jan waya. Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan Adam, tana Najeriya tun Janairun 2023, faranti ne ka ɗora a rufi inda sama take a buɗe, ba ruwanka da falwaya ko mai haƙa rami. In kuma 5G ta iso unguwarku, rautarta ma ta isa karatun bidiyo. Sai dai ka lissafa kuɗin kayan da na wata, kuma farantin ya fi akwatin faiba cin wuta nesa ba kusa ba, in sola kake da ita ƙarama.

Baban Ummi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ɗan'uwa na Sabon Gari, na duba kuɗin, ya fi ƙarfina a yanzu.

Injiniya, na shiga shafin. Bayan sallar asuba -26.8. Ƙarfe ɗaya da kwata na rana -28.9, ina kallo fitilar ta koma ja. Na zuge tagar a hankali na duba wurin: bawon wayar ya lotsa, har ya yi fari-fari a inda alminiyam ke cizonsa. Hajiya, na tura musu hotunan duka da jerin ranakun, sun ba ni lamba, sun ce gobe.

Mai Haɗa Waya:

To ka gani. In sun zo kada ka yarda a canja kai kawai a tafi. A yanke wayar daga waje kafin taga, a huda bango, a sa bututun roba, hudar ta ɗan karkata ƙasa ta waje don ruwan damina kada ya biyo ta. Su zo da injin da ke narka bakin gilashin biyu ya manne su, a haɗa da 'yar wayar da aka yi wa kai tun daga masana'anta. Kore da kore, kada su sa maka shuɗin kai a koriyar kafa, yankan bakinsu ba iri ɗaya ba ne. A ɗage ta daga kan kwanon maƙwabci. In gidan haya ne, nemi izinin mai gida yau, kada su samu hujjar komawa taga. Kuma su zo da rana tsaka.

Baban Ummi:

Na dawo da bayani. Ba su zo gobe ɗin ba, sai jibi, amma wannan karon da wani babba a cikinsu, da mita da injin haɗawar. A falwaya ya auna -19.6, a ɗakina -28.4. Ya daɗe yana kallon tagar bai ce komai ba, sannan ya sa aka sauke wayar gaba ɗaya daga titi zuwa ɗaki aka ja sabuwa. Gidan na gado ne, don haka huda bango ba ta zama matsala ba. Na tsaya a kansu har aka gama, kusan awa uku. Na ga yadda injin ke nuna silin gilashin biyu a ɗan allonsa suna matsowa har su haɗe, Ummi ma sai da ta leƙa. Da aka kunna, shafin ya nuna -20.7, ƙarfe biyu na rana.

Yau kwana tara fitilar ba ta yi ja ba ko sau ɗaya. Asabar da Lahadi na yi darasi shida-shida ba yankewa, yaran nan biyu sun dawo, ƙaramin ya shiga Suratul Mulk. Kamfanin ya ƙara mini kwana 10 daga cikin 16 da na lissafa, na sake rubuta musu kan sauran shidan. Rautar ta dawo daga Zariya a motar haya, na sa mata data kaɗan na ajiye ta kusa da akwatin. Na kuma sayi ƙaramin batiri mai 12V da ke riƙe akwatin in an ɗauke wuta.

Abu ɗaya ya rage da ke damuna. Inda wayar ta tsallaka titi ta ɗan yi ciki, kuma ana gini a ƙarshen layinmu, tifofin yashi suna wucewa kullum. Jiya na tsaya a ƙofar gida na ga wata ta wuce, tsakanin tulin yashin da wayar bai fi kamu biyu ba. Na nuna wa babban nasu tun ranar, ya ce ɗaure ta sama aikin wasu ne daban, zai rubuta. Injiniya, wannan sabuwar lambar ƙorafi zan nema, ko a kan tsohuwar zan ci gaba da bi?