Alaƙar sinadaran jini da hawan jini

Mai tambaya, Gombe:
Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana fama da hawan jini, kuma gwaji ya nuna sinadarin fotasiyam ya yi ƙasa a jininta. Shin akwai alaƙa tsakaninsu?

Ma'aikaciyar jinya, Bauchi:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Mama lafiya. Akwai alaƙa sosai. Sodiyam da ke cikin gishiri yana riƙe ruwa a jiki har jini ya hau, fotasiyam kuwa yana taimaka wa ƙoda wajen fitar da sodiyam ɗin. Wasu magungunan hawan jini masu sa yawan fitsari suna zubar da fotasiyam, haka ma yawan aldosteron (wani sinadari da jiki ke samarwa don daidaita gishiri da ruwa), saboda haka ku koma wurin likita da sakamakon.

Wani dattijo, Kumo:
Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishiri ya kai giram 5 a rana. A ganina magi da kanwa muka fi mantawa da su, alhali akwai sodiyam a cikinsu.

Ma'aikaciyar jinya:
Haka ne, Baba. Wake, ayaba da alayyahu suna da fotasiyam, amma mai ciwon ƙoda kada ya yawaita cinsu sai da izinin likita.