Romon ƙarin tsawo na Sinawa: wa ya taɓa dafa wa ɗansa?

Maman Sadik, Guangzhou

Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa mazauna ƙasar Sin. Shawara nake nema. Sadik ya shiga shekara 14, kuma kusan duk 'yan ajinsu sun fi shi tsawo. Abin ya fara cin ransa, har ya daina fita wasan ƙwallon kwando. Wata dattijuwa maƙwabciyata, Basiniya mai kirki, ta kawo mini ƙullin saiwoyi, ta ce in riƙa dafa masa da zakara sau ɗaya a mako, haka ta yi wa jikanta. Babbar saiwar ciki sunanta tianqi, wasu na cewa sanqi. Ƙullin na nan a kicin ban taɓa ba. Don Allah wanda ya gwada ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa.

Baban Ummi, Yiwu

Wa alaikumus salam Hajiya. Na yi wa babban ɗana lokacin muna Guangzhou. Da ƙafata na je kasuwar magunguna ta Qingping na sayo tianqi, da jajayen 'ya'yan itacen nan gouqi, da busasshen jan dabinonsu, wanda a gaskiya ɗan'uwan magarya ne. Zakaran kuwa wajen Musulmi na saya a unguwar Xiaobei. Nan za ki fi sa ido: Sinawa da ƙashin alade suke yawan dafawa, wasu kuma su tsiyaya giyar shinkafa a tukunyar. Kada ki karɓi dafaffe, ke ki dafa da hannunki. Yaron ya ƙaru da kusan santimita 9 a shekarar, amma ba zan rantse cewa saiwar ce ba. A shekarar muryarsa ta buɗe, ga madara kullum, ga shi yana tashi da rabin zakara a zama ɗaya.

Ɗan Damagaram, Taipei

A nan Taiwan abin ya fi ƙarfi. Zhuan gu tang suke ce masa, wato romon juya ƙashi. Matar mai gidan da nake haya ta dafa wa 'ya'yanta biyu a gabana: saiwar wani ganye dangin ɗoɗɗoya, ɓawon itacen duzhong, da saiwar huangqi. Ɗa namiji da zakara, 'ya mace da kaza. Ba ta farawa sai zafi ya sauka, wajen 7 ko 8 ga Satumba, lokacin da kalandarsu ke kira Bailu, farar raɓa. Har a kwalba ake sayar da shi a kantunan magani, na maza daban, na mata daban. Wata abokiyar aikina 'yar Fujian ta ce a can da saiwar gyaɗa suke haɗawa, wadda mu muke zuba wa dabbobi tare da harawa.

Ɗalibar likitanci, Wuhan

Anti, kafin ki ɗora tukunya, ki kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙashin hannunsa na hagu. Daga wannan hoton ake gane shekarun ƙashi, kuma ba kullum suke daidai da shekarun haihuwa ba. A ƙarshen dogayen ƙasusuwa akwai guringuntsi, ta nan tsawo ke ƙaruwa. Idan ya daskare ya zama ƙashi, babu romo ko allurar da za ta sake buɗe shi. Ga mata yakan rufe wajen shekara 14 zuwa 16, maza kuma 16 zuwa 18.

Abin da ya sa na tsaya rubuta wannan: a sashen yara na ga wata yarinya 'yar shekara 8 da kakarta ta daɗe tana ɗura mata magungunan ƙarin ƙarfi, har da garin ƙahon barewa. Ƙirjinta ya fara fitowa, ƙashinta ya wuce shekarunta da biyu. A ajinsu ita ce doguwa, kakar tana murna, likita kuwa yana bayanin cewa wadda ta balaga da wuri da wuri take tsayawa. Uwar ta yi kuka a wurin, ni ma na kasa cin abinci ranar. Su kansu likitocin gargajiyar Sin sukan ce a jira alamun balaga su bayyana tukuna.

Akwai lissafin da muke yi: a haɗa tsawon uba da na uwa, a ƙara santimita 13 in namiji ne, a rage 13 in mace ce, a raba biyu. Kimantawa ce, yaro kan ɗara ko ya gaza kaɗan. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2020 ya nuna samarin Sin 'yan shekara 19 sun ƙaru da kusan santimita 8 tsakanin 1985 da 2019. Saiwoyin nan suna nan tun kaka da kakanni. Abinci da kiwon lafiya ne suka canja. Sannan ƙarfe nawa Sadik yake barci? Sinadarin girma cikin barci mai nauyi ya fi fita.

Maman 'Yan Biyu, Kano

Ni ta intanet na sayi nawa kafin mu dawo gida, gari ne a leda, babu ko rubutun abin da ke ciki. Kwana biyar Hassana ta fara haɓo, ga ƙuraje a baki. Maƙwabta suka ce shang huo ne, wai wuta ta taso mata. Na zubar da sauran a ranar. Abin da ba ki san me ke ciki ba, kada ya shiga cikin ɗanki, 'yar'uwa.

Maman Sadik, Guangzhou

Allah ya saka muku da alheri. Mun je jiya. Ƙashinsa na ɗan shekara 13 ne, likita ta ce da sauran fili. Babansa 168, ni 157, lissafin ya ba mu 169. Barci kuwa sai sha biyun dare, saboda aikin makaranta da waya. Yanzu goma na yi nake karɓe wayar, ya kuma fara tsallen igiya da yamma. Na nuna ƙullin ga likitan gargajiya na asibitin, ya cire saiwa ɗaya ya ce sauran babu laifi jefi-jefi. Baban Ummi, awa nawa kuke barin zakaran a wuta?