Masu gidan kallo, in biya kuɗin wata uku saboda Dallas ko in dakata?

Sani Kurna: Salamu alaikum. Ina da ɗan gidan kallo, ƙwallon Turai muka fi nunawa. Tun bara, 2024, da Dallas ta kai wasan ƙarshe na NBA, gasar kwando ta Amurka, Boston ta doke ta 4-1, wasu samari suka saba zuwa kallon kwando da tsakar dare, kuma dukkansu 'yan Dallas ne. To ga shi an ba ƙungiyar Lakers tauraron Dallas, Luka Doncic, a Fabrairun bana, 2025, Anthony Davis da aka karɓo ya ji ciwo a wasansa na farko, ranar 3 ga Maris kuma jijiyar gwiwar Kyrie Irving, ɗaya tauraron nasu, ta tsinke. Mai haɗa mini tasha yana so in biya har Yuni a dunƙule, dubu 45. In Dallas ba ta shiga zagayen neman kofi ba, yaran nan ba zan ƙara ganinsu ba. In biya, ko in riƙa bi wata-wata?

Ɗan Lakers: Ka biya kawai. Luka da LeBron James, tauraron Lakers, a ƙungiya ɗaya, me ka rasa?

Sani Kurna: Malam, na ce 'yan Dallas ne. Ko rigar Lakers ba sa son gani.

Malam Habu: Dallas ba ta fita ba tukuna. Wanda ya ƙare daga na 7 zuwa na 10 yana da wasan cike gurbi, kuma a nan take maƙale, Phoenix na binta a baya. Damuwar ita ce dogayen: Lively idon sawu, Gafford gwiwa, Davis matsematsi. Har ta kai suna fita da mutum takwas, wanda shi ne mafi ƙarancin da doka ta yarda. Ko sun kutsa a na 8, Oklahoma, wadda ke ta ɗaya a teburinsu, za su tarar. Ni dai wata ɗaya zan biya.

Baban Ummi: Sani, kada ka ba kowa kuɗi a dunƙule. Bara wani ya zo har shagona da 'yar na'urarsa, ya rantse ba ta yankewa, na ba shi dubu 60. Wasannin farko lafiya lau. Daren wasan ƙarshe mutane cike da benci, na karɓi kuɗin kowa, ana shiga kwata na biyu hoto ya daskare da mutum a sama bai sauko ba. Na kira shi, waya a kashe. Na mayar wa mutane kuɗinsu, wani ma da bai biya ba ya karɓa, aka karya mini benci biyu, ga man janareta ya ƙone a banza. Da na same shi bayan sati, cewa ya yi laifin intanet ɗina ne. Har yau muna haɗuwa a masallacin Juma'a, ya gaishe ni kamar ba komai.

Abba Zariya: Dubu 60? An yanke ka, Baba. Ni dubu 12 nake biya a wata.

Hajiyayye: A nan Kaduna ƙanena dubu 8 yake biya, kuma bai taɓa kuka ba.

Baban Ummi: Na dubu 8 ɗin ai shi ne irin wanda ya daskare mini.

Ɗan Lakers: A sa Nico Harrison, manajan Dallas a lokacin cinikin, ya biya wa Sani, tunda shi ya sayar da Luka.

Abba Zariya: Malam Habu, da girmanka, ka taɓa riƙe gidan kallo? Lissafin tebur daban, lissafin aljihu daban. Yaran nan Kyrie suke zuwa gani. Mutumin da ya tsaya da tsinkakkiyar jijiya ya jefa ƙwallayen fanaretinsa biyu kafin a fita da shi. Babu shi, ko Davis ya dawo gobe ba za su tashi ƙarfe ɗaya da rabi na dare ba.

Malam Habu: Tun zamanin tsohon tauraronta Dirk Nowitzki nake bin Dallas, lokacin da ta ci kofi a 2011 kana firamare. Tambaya aka yi kan ƙungiya, na amsa.

Hajiyayye: Ku bar musu. Yanzu azumi ne, mutane a farke suke, ana gama wasa sai sahur. Zagayen neman kofi kuwa sai Afrilu, bayan Sallah, lokacin kowa ya koma barcinsa. Wannan ya kamata ya duba.

Baban Ummi: Ku kuna ta tasha. Mai fa? Wasa ɗaya awa biyu da rabi, da tallace-tallace da hutun koci. Unguwarmu rabon da a kawo wuta da dare tun kafin azumi, amma takardar kuɗi ba ta taɓa makara ba.

Abba Zariya: Ku sa sola mana.

Baban Ummi: Da kuɗin wa? Batirin kaɗai ka tambayi farashinsa?

Ɗan Lakers: Mu taransifomarmu ce ta ƙone, an ce kowane gida ya kawo dubu 5. Mun haɗa tun Janairu, wanda ya karɓi kuɗin ya ce ana kan magana.